Ƙwayar Almon a Kuncin Baba

Alhamis, 21 ga Disamba

Mun iso birnin Kopenhagen cikin duhu, ni da Baba da ƙanena Asger. Gidan da muka kama na kwanakin bikin yana Christianshavn, a bakin ruwa, unguwar da aka haifi Baba. Ni na zaɓe shi, kuma da gangan. Babu wanda ya iya tunanin yin Kirsimeti a gidanmu na garin Esbjerg bana, ga kicin ɗin Mama amma babu Mama.

Bari in rubuta gaskiyar maganar tun yanzu, kada gobe in yi wa kaina ƙarya. Asger ya samo wa Baba ɗaki a gidan kula da tsofaffi, kuma suna son amsa kafin sabuwar shekara. Shi ya ce e. Ni na ce sai dai bayan raina. Da muka gaji da yi wa juna ihu a waya, muka tsaya a kan cewa wannan tafiyar ce za ta raba gardama. In Baba ya riƙe kansa, ya ci gaba da zama a gidansa ina leƙa shi. In ya kasa, in sa hannu. Baba bai san an yi wannan cinikin a kansa ba.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera jiragen ruwa na katako, wai don ya manta sunan maƙwabci sai a kai shi inda za a riƙa yanka masa burodi. Ni da ban kai sittin ba, sau nawa nake neman tabarau alhali yana saman kaina?

A jirgin ƙasa ya tambaye ni ina za mu. Na gaya masa. Da muka hau doguwar gada ya sake tambaya. Asger ya tafi sayo kofi lokacin, ni kuma ban ga dalilin ba shi labari ba.

Juma'a, 22 ga Disamba

Yau Baba ya fitar da ni kunya!

Muna fitowa Asger ya zaro waya zai duba hanya. Baba ya kalle shi sheƙeƙe. "Mayar da abin nan aljihu. Tun ba a haifi wanda ya ƙera shi ba nake yawo a nan. Ku biyo ni, 'yan ƙauye." Haka ya shige gaba, lungu-lungu, bai kuskure ko ɗaya ba. Ya nuna mana tagar ɗakin da aka haife shi. Ya nuna matakalar da ya zame ya faɗa ruwa yana ƙarami wajen bin hularsa, kakarmu ta tsamo shi ta kuma zane shi kafin ya bushe. Ya tsaya ƙarƙashin cocin nan mai murɗaɗɗiyar hasumiya ya ce a can sama ya fara riƙe hannun Mama, don tana tsoron tsayi, shi kuma ya san da haka shi ya sa ya kai ta.

A kasuwar Kirsimeti ta bakin tashar jiragen ruwa muka ci 'yar masar biki da jam na 'ya'yan itace da garin sukari, muka sha giya mai zafi a tsaye, sanyi na cin kunnuwanmu. Sukari ya yi wa Asger fari a gemu. Baba ya ce, "Kai auta, gemun ma ka kasa riƙe shi, ina za ka iya da mata?" Wannan ta shiga, don matar Asger ta tafi bara. Amma ya yi dariya.

Ni dai ina ta zungurinsa da gwiwar hannu. Har ya gaji ya ce, "Na gani, Vibeke. Ido gare ni. Rana ɗaya ce."

Rana ɗaya ce. Ji mugun baki.

Abu ɗaya dai. Da safe, Asger ya fita gudunsa na motsa jiki, ina wanka na ji ƙauri. Baba ya ɗora butar lantarki a kan murhu ya kunna mata wuta, gindinta na roba ya narke yana ɗiga. Yana tsaye a gefe yana jira ta tafasa. Na kashe, na buɗe tagogi, na kankare murhun da wuƙa. Butar na naɗe ta a leda na kai kwandon shara na ƙasa, na sayo irinta a kantin da ke kwanar titi. Da Asger ya dawo ya ɗaga hanci. Na ce burodi na ƙona.

Ba butarsa ba ce, bai saba da ita ba. Kowa zai iya.

Asabar, 23 ga Disamba



Mun fita sayen bishiyar Kirsimeti da agwagwa. Garin ya cika maƙil, kowa da jakunkuna, kekuna na ta ƙararrawa, ga yayyafi mai sanyi wanda ba ruwa ba ba dusar ƙanƙara ba. Layin mahauci ya fito har titi, sai Asger ya ce zai tsaya, mu je dandali mu zaɓi bishiya. Na nemi ƙarama, don gobe mu uku ne za mu kama hannu mu zagaye ta kamar yadda aka saba, kuma hannun mutum uku ba ya kai wa babba. Ina jayayya da mai sayarwa kan wata mai karkataccen kai, na juyo in ce Baba ya raba mu. Babu Baba.

Na bar bishiyar a hannun mutumin na shiga cikin jama'a ina ture mutane. Duk tsoho mai baƙar hula sai in kamo hannunsa. Wata mata ta ce in kira 'yan sanda. Na zaro wayar, na ga sunan Asger a sama, na mayar. Allah ya sani, a wannan lokacin tsoron kada Asger ya ji ya kusa kai tsoron ruwan da ke ko'ina a garin nan. Wace irin 'ya ce ni?

A kan gadar da ke shiga unguwarmu na same shi. Ya jingina da ƙarfe, babu safar hannu, yatsunsa sun yi ja, yana leƙen fuskar duk matar da ta wuce a keke.

Na ce, "Baba, me kake yi a nan?"

"Gerda nake jira. Yanzu za su tashi daga aiki."

Gerda, wato Mama, wadda muka binne. Ya kalle ni, ya kalli furfurar da ke kaina, na ga abin yana dawo masa a hankali. Sai ya gyara hula ya ce, "Iska na fito sha." Muka taho. Mun kusa dandalin ya matse mini hannu.

"Kada ki gaya wa yaron nan."

"Ba zan gaya masa ba."

"Na san abin da kuke ƙullawa. Ba kurma ba ne ni. Ke ce tawa, Vibse. Ke ba za ki bari ba."

Rabon da ya kira ni Vibse tun ina makaranta. Na yi ta maza ban yi kuka ba, don ga Asger can tafe rungume da agwagwa kamar jariri, yana tambayar me ya sa har yanzu ba mu sayi bishiyar ba.

Da yamma muka yi wa bishiyar ado da 'yan tutoci da zukatan takarda da Mama ta saƙa. Sai rigima ta tashi kan kyandir. Asger ya ce bana fitilun lantarki za a sa, wutar gaske a gidan mutane da Baba a ciki ganganci ne. Na ce tunda aka haife mu ba a taɓa sa wa bishiyarmu lantarki ba, kuma ba bana za a fara mayar da ubanmu jariri ba. Ya ce, "Ke dai kullum sai kin ci." Na ce e. Ya ciko bokiti da ruwa ya dangwarar a gindin bishiyar har ya fantsama.

Na dafa shinkafar madara na ajiye ta huce don gobe.

Lahadi, 24 ga Disamba

Baba ya aske gemu da kansa, ya ɗaura lakataya daidai. Agwagwa na cikin tanda. In yau ta wuce lafiya, na ci.

Litinin, 25 ga Disamba

Ban san ta ina zan fara ba. Bari in bi shi yadda ya faru.

Jiya coci lafiya lau. Baba ya rera duk waƙoƙin ba tare da ya buɗe littafi ba, muryarsa ta fi ta kowa a layinmu. Na saci kallon Asger na ga yana share ido. Muka dawo, agwagwa ta yi kyau, dankalin sukari bai kama ba, jan kabeji kamar na Mama ko kusa. Baba ya yanka naman da hannunsa. Zuciyata fes.

Sai shinkafar madara. Na gauraya ta da kirim ɗin madara da yankakken almon, ɗan itacen nan mai kama da gyaɗa, na jefa ƙwaya ɗaya cikakkiya a ciki kamar kullum, ga kyautar wanda ya same ta a naɗe a tsakiyar tebur. A gidanmu wannan wasan na Baba ne. Duk shekarar da ƙwayar ta faɗo masa, sai ya ɓoye ta a kunci ya yi mursisi, yana ƙara mana shinkafa yana cewa lallai tana ƙasan kwano, mu yi ta ci har cikinmu ya yi kamar ganga. Sai an suɗe kwano tas sannan ya zaro ta yana ƙyalƙyata dariya, Mama na dukansa da tsumman kicin.

To, na san inda na jefa ta. Da na zo zuba wa Baba, can na kai cokalin. Ina so Asger ya ga wannan da idonsa, ya ga ubansa yana nan daram. Shi ke nan abin da na nufa.

Muka fara ci da ruwan jan ɗan itacen ceri mai ɗumi. Ina kallon bakin Baba ta gefen ido. Can na ga ya dakata, harshensa ya yi motsi, kuncinsa na hagu ya ɗan taso. Ya ci gaba da ci kamar ba a yi ba. Daɗi kamar ya kashe ni!

Asger ya ce, "Baba, kai ne, ko?"

"Ni? Ni me?"

"Ka ji shi! Buɗe baki mu gani."

"Ka ci abincinka, yaro."

Muka yi dariya, muka ƙara, muka sake ƙarawa. Asger ya kwance bel. Kwano ya ƙare, na karkata shi kowa ya gani. Na ce, "To, Baba, mun sallama. Fito da ita."

Ya ce, "Da me?"

"Almon mana."

"Wane almon?"

Asger ya daina dariya. Ya ce ko dai ya haɗiye, ko kuwa ni ce na manta ban sa ba. Ni kuwa ga kuncin ina gani a tashe. Na ɗauka bana ya ƙara wa wasan tsawo ne, har na kashe masa ido. Bai mayar mini ba. Ya kamata wannan ya ishe ni. Amma sai na ce, "Rabu da shi, so yake ya wahalar da mu. Sai mun gama zagayen bishiya zai fitar." Ni na faɗa, da bakina.

Asger ya kunna kyandir ɗin ɗaya bayan ɗaya, na kashe fitilar ɗaki. Muka kama hannu, da ƙyar yatsunmu suka haɗu. Muka fara zagayawa muna waƙa. Ba zan ɓoye ba, ya yi kyau ƙwarai, wutar na rawa a gilashin taga, ga hasken jiragen da ke ɗaure a ruwa a waje. A baiti na biyu, inda muryar ke hawa sama, Baba ya ja numfashi da ƙarfi.

Sai waƙarsa ta yanke.

Ya fizge hannunsa daga nawa ya kama wuya. Babu tari, babu sauti, bakinsa a buɗe kawai. Idanunsa suka firfito. Ya yi taga-taga ya nufi bishiyar, reshe ya karkata, kyandir ɗaya ya faɗi kan takardar kyauta. Ni ina tsaye. Ko yatsa ban ɗaga ba. Asger ne ya take wutar da ƙafa, ya rungumo Baba ta baya ya matsa cikinsa da ƙarfi. Babu. Ya sake. Fuskar Baba ta fara canja launi. Ina jin wata murya tana ta cewa Baba, Baba, ashe tawa ce. A matsa ta uku ko ta huɗu ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa kan katakon ƙasa ta gangara.

Baba ya zube gwiwa biyu yana tari, hawaye na zuba. Asger na riƙe da shi yana cewa, "Numfasa, Baba, numfasa, ina nan." Da ya samu kansa ya hango abin a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya sa mini dutse a abinci?"

Na durƙusa na ce, "Baba, almon ne. Kai ka ci kyautar bana."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin wannan kallon a fuskarsa ba, tsoro ne zalla. Ya ja baya ya maƙale wa Asger. "Ita ce. Ita ta zuba mini. Asger, wace ce wannan matar? Wa ya kawo ta? Ka fitar da ita!"

Asger kam ya gane shi. Ni da nake wanke masa kaya duk mako, nake yanke masa farce, ni ce wannan matar.

Asger bai kalle ni ba. A hankali ya ce, "Kashe kyandir ɗin, Vibeke, ki ɗan ba mu wuri." Na hure su duka na shiga kicin na rufe ƙofa. Na wanke kwanonin da ruwan da ya fi ƙarfin hannuna zafi. Ta bango ina jin Asger yana lallashinsa, yana kiran likita a waya, yana cire masa takalma. Ba a buɗe kyauta ko ɗaya ba.

Yau ba mu fita ba. Baba ya wuni yana barci, maƙogwaronsa na ciwo. Ya san ni da ya tashi, ya ce in ba shi shayi. Na miƙa masa.

Talata, 26 ga Disamba

Garin shiru, shaguna a rufe, ƙararrawar coci kawai. Ina goge murhu Asger ya shigo ya jingina da ƙofa. Na shirya masa. Na ce a raina in ya ce "ai na gaya miki" zan jefe shi da soso.

Ya ce, "Na ga lokacin da kika kai cokalin."

Na ci gaba da goge murhu.

"Da ni ke zubawa, ni ma can zan kai. Ina so in gani, Vibeke. Kina tsammani ni ba ubana ba ne? Kina tsammani daɗi nake ji?"

Na ce ai shi ya samo ɗakin.

"Ni na samo. Don wata rana zai shaƙe, kuma ranar babu ni a bayansa. Ke ma babu ke. Shi kaɗai da bango."

Na ce ya fita mini daga kicin. Bai fita ba. Ya ɗauki tsumma ya hau shanya kofunan da suka riga suka bushe, yana kuka kamar lokacin da yake ɗan shekara biyar, hanci da komai. Haushinsa nake so in ji, na nema na rasa.

Muna cikin haka Baba ya leƙo, ya taje kai, fuskarsa wasai. Ya shafa hannuwa ya ce, "To, ma'aikata, yaushe za a dafa agwagwar ne? Vibse, kada ki manta da almon. Ina ji a jikina bana tawa ce."

Asger ya juya ya fuskanci taga. Ni na ce, "To, Baba. Ba zan manta ba."

Laraba, 27 ga Disamba

Jirgin ƙasa zuwa gida. Baba ya yi barci a kafaɗata tun daga doguwar gada. Ban motsa ba har hannuna ya mutu.

Alhamis, 28 ga Disamba

A gidan Baba na kwana, a ɗakina na da. Na cire fis ɗin lantarkin murhu kafin in kwanta, na ce masa ya lalace. Gyaɗar da ke cikin kwalba a falo na juye ta a jakata. Naman rana na yanka masa ƙanana-ƙanana a kicin inda ba zai gani ba. Ya ci, ya ce mahaucin nan ya fara gyara aikinsa.

Ban ce na yarda ba. Ban sa hannu a komai ba, kuma na gaya wa Asger kada ya kuskura ya kira mutanen gidan tsofaffin da sunana. Na dai ce ya biyo ya ɗauke ni gobe da safe, tunda hanyarsa ce. Gani kawai zan yi. Mutum ai yana iya ganin wuri.

Ɗazu da Baba ya shiga banɗaki na ɗauko zare na auna faɗin kujerarsa, babbar nan ta bakin taga da ya ƙera da hannunsa. Asger ya ce ƙofofin can ba su da faɗi sosai. Na ƙulle zaren daidai inda ya tsaya na sa a aljihun kwat.

Baba ya fito ya same ni a tsugune. Ya ce, "Me kika yar, Vibse?"

Na ce ɗan kunne.